Stalingrad ce ta karya Jamus, ko sanyi ne?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Daren jiya a majalisarmu mun yi gardama har mai shayi ya kwashe kayansa ya bar mu, a kan wata magana da na gaji da ji: wai sanyi ne ya ci sojojin Hitila a Rasha a yaƙin duniya na biyu, ba don haka ba da tuni sun gama da ita. Na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai manya da suka fi mu karatu.

Ni inda na tsaya shi ne a Stalingrad aka karya lagon Jamus, kuma mutane ne suka karya shi, da tsari da jini. Ku dubi kwanakin kawai. Tankokin Jamus sun iso bakin kogin Volga, arewa da birnin, ranar 23 ga Agusta 1942, ana zafi ana ƙura. Suka cinye Satumba da Oktoba suna fama a cikin gari ba su gama da shi ba. Ranar 19 ga Nuwamba aka afka musu ta gefe, ranar 23 ga wata ƙawanya ta rufe. Sanyin da ake ta faɗa a cikin tarko ya tarar da su. To wa ya ɗana tarkon?

Bakano:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tsallake shekara guda cur. Hitila ya shiga ƙasar ranar 22 ga Yuni 1941 da sojoji sama da miliyan 3, da niyyar gamawa kafin hunturu. Zuwa farkon Disamba 'yan gabansu ba su fi kimanin kilomita 30 daga Mosko ba. Me ya tsayar da su? Taɓon Oktoba ya riƙe motoci, sannan sanyi ya sauko, mai ya daskare a inji, sojoji kuma da kayan bazara a jikinsu. Ranar 5 ga Disamba janar ɗin Rasha Zhukov ya taso musu ya kora su baya. In ana neman inda yaƙi ya juya, ni a ƙofar Mosko nake gani, kuma can kam ba mai cewa sanyi bai yi aiki ba.

Tsohon Soja:
Yarana, ku bar ni in sa baki. Na yi shekara 31 cikin kaki, kuma abu ɗaya da na sani shi ne sanyi ba ya duba tuta kafin ya kama mutum. Ɗan Rasha ma jini da tsoka ne, yatsunsa na ruɓewa kamar na kowa. Abin da ya raba su shi ne wannan an kawo masa rigar sanyi da takalmin ulu, wancan ba a kawo masa ba, domin manyansa sun yi lissafin yaƙi zai ƙare kafin a buƙace su. Wanda ya fita noma bai tanadi iri ba, ba zai ɗora wa damina laifi ba.

Bakano:
Allah ya ƙara girma, Baba. Na karɓi wannan. Amma maganar Mosko fa tana nan.

Injiniya Kawu:
Mosko ta hana Jamus cin yaƙi da wuri, wannan gaskiya ne. Sai dai ba ta hana su sake yunƙurowa ba. Wata shida bayan haka, 28 ga Yuni 1942, suka sake buɗe farmaki a kudu, kuma suka yi ta keta ƙasa kamar a shekarar farko. Wanda aka karya ba ya yin haka.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: Stalingrad ba ita ce asalin manufar ba. Mai suka je nema. Jamus ba ta da rijiyoyin mai na kirki, rabonta ya dogara ne da na Romaniya da wanda take haɗawa daga gawayi. Rijiyoyin Tarayyar Sobiyet kuwa suna yankin Kokesas: Maikop, Grozny, da uwa uba Baku. Tsarin farko shi ne a kai Volga a tsare gefe, a yanke zirga-zirgar jiragen ruwa, daga baya a gangara kudu wajen mai. A watan Yuli sai Hitila ya ga abokan gaba na ja da baya, ya ɗauka sun ƙare, ya ba da umarni a yi duka biyun a lokaci guda. Rukuni ɗaya ya nufi duwatsun Kokesas, ɗaya ya nufi Volga, tazarar da ke tsakaninsu kullum ƙaruwa take, man da za a zuba wa motocinsu kuma bai isa rukuni ɗaya ba balle biyu. Akwai kwanakin da Runduna ta 6 ta Janar Paulus ta tsaya cak a fili don ba mai. Taura biyu ba ta taunuwa.

Maikop ɗin ma da suka kama ranar 9 ga Agusta, sun tarar an ƙone an toshe rijiyoyin. Grozny da Baku kuwa ba su taɓa taka su ba.

Maman Sadiq:
Sannunku da muhawara. Ƙaramin gyara kafin a yi nisa, don ko a aji nakan yi wa ɗalibaina shi. Muna cewa "Rasha" ne don sauƙin baki, amma rundunar ta Tarayyar Sobiyet ce. A cikinta akwai 'yan Yukren, Kazak, Uzbek, Tatar, 'yan Jojiya, Armeniyawa, Yahudawa. Shugabansu Stalin kansa ɗan Jojiya ne. Haka ɗaya ɓangaren ba Jamusawa zalla ba ne, kuma wannan zai zama babbar magana idan aka zo kan ƙawanyar.

Abu Hanan:
Na gode Malama, gyara ya karɓu. Baba, don Allah ka yi mana bayanin yaƙin cikin garin. Yaya aka yi rundunar da ta taka Faransa cikin mako shida ta kasa cin gari ɗaya cikin wata uku?

Tsohon Soja:
To ɗana, ka fara da siffar garin. Stalingrad ba dunƙulallen gari ba ne, siriri ne dogo, ya miƙe a gaɓar yamma ta Volga tsawon kilomita 40 zuwa 50. Bayansa kogi ne mai faɗin da ya haura kilomita 1. Ba za ka iya zagaye shi ba, dole ka shiga ta gaba. Ƙarfin sojan Jamus kuwa duk a fili yake: jirgi ya yi ruwan bama-bamai, tanka ta keta ta zagaye, sojan ƙasa ya zo ya share. A cikin gari wannan dabarar ba ta da wurin juyawa.

Sannan da hannunsu suka ɓata wa kansu hanya. Ruwan wutar da jiragensu suka yi ranar 23 ga Agusta da kwanakin da suka biyo baya ya mai da garin kango. Kango kuwa shi ne aljannar mai tsaron gida. Kowane tulin bulo maɓoya ne, kowane rami gida ne, tanka ba ta wucewa titin da gini ya rufta a kai.

Ranar 12 ga Satumba aka damƙa wa Janar Chuikov Runduna ta 62 ta Sobiyet mai tsaron garin, wadda ta riga ta ragargaje. Mutumin nan ya gane abu guda: in akwai tazara tsakaninsa da abokin gaba, jiragen sama za su gama da shi. Sai ya ce wa yaransa su manne wa Jamusawa, kusa da kusa, iya inda gurneti zai kai in an jefa. Matuƙin jirgi ya duba ƙasa ya rasa nasa da na wani. Ya kakkarya sojojinsa zuwa ƙananan ƙungiyoyi masu kai hari da dare, da gurneti da wuƙa da shebur. Manyan igwoginsa ya bar su a tsallaken kogi, 'yan leƙen asiri a saman kango suna faɗa musu inda za su sauke wuta. Kowane dare jiragen ruwa na tsallako da sababbin sojoji da harsashi a ƙarƙashin wuta, su koma da masu rauni.

Tsakiyar Satumba garin ya kusa tafiya. Abin da ya cece shi rundunar Janar Rodimtsev ce, mutum kusan 10,000, da aka tsallako da su suka faɗa yaƙi daga jirgin ruwa kai tsaye. Kaɗan ne cikinsu suka ga ƙarshen yaƙin. Tashar jirgin ƙasa ta yi ta sauya hannu, haka tudun Mamayev da ke tsakiyar gari. Wani katafaren rumbun hatsi na siminti, mutum kimanin 50 suka riƙe shi kwanaki, hatsi na ci da wuta suna shaƙar hayaƙi. Akwai wani bene mai hawa huɗu da Saje Yakov Pavlov da 'yan tsirarun mutane suka riƙe kusan wata biyu, har yau da sunansa ake kiran gidan. Jamusawa da kansu suka sa wa wannan faɗan suna yaƙin ɓeraye. Kana ɗaki, abokin gabarka na ɗakin da ke kusa, kana jin tarinsa.

Wanda bai taɓa shiga lungu da bindiga ba yana jiran a harbo shi ta taga, ba zai san yadda wannan ke cinye zuciyar soja ba. Mako ɗaya ya isa ya tsofar da saurayi.

Ɗan Damagaram:
Baba, Allah ya saka da alheri. Amma duk da haka zuwa Nuwamba an ce kusan kashi 90 cikin 100 na garin yana hannun Jamus. Ashe Chuikov ma ci ake yi masa, a hankali dai.

Tsohon Soja:
Ƙwarai ana cin sa. Ranar 14 ga Oktoba da suka afka wa masana'antar tarakta, saura ƙiris a jefa shi kogi. Amma aikinsa ba ya kore su ba ne. Aikinsa ya riƙe su. Manyansa suna ba shi sojoji ne da cokali, iya abin da zai hana shi mutuwa, alhali a can baya suna tara wasu da buhu.

Maman Sadiq:
Ga kuma abin da zan ƙara wa masu maganar sanyi. A tsakiyar Nuwamba, wanda sanyi ya fara cuta Chuikov ne. Volga ta fara kawo manyan ɓaraguzan ƙanƙara suna yawo a ruwa, jirgi ba ya iya ratsawa, ƙafa kuma ba ta iya takawa. Sai tsakiyar Disamba kogin ya daskare sosai. Tsakanin nan mutanensa sun yi makonni abinci da harsashi na zuwa musu da ƙyar.

Amma ni abin da ke tsaya min a rai ba janar-janar ba ne. Garin nan cike yake da mutane lokacin da aka fara jefa masa bama-bamai, har da 'yan gudun hijira daga yamma. Hukuma ta yi gaggawar tsallakar da hatsi da dabbobi da kayan masana'antu, ba ta yi gaggawar kwashe jama'a ba. Dubbai suka mutu a kwanakin farko. Waɗanda suka rage suka koma rayuwa a ramuka da magudanan ruwa, mata da yara, har ƙarshen yaƙin. A ranar farko da tankoki suka ɓullo ta arewa, cikin waɗanda suka fara tare su akwai 'yan mata masu harba bindigogin kakkaɓo jirage, suka sunkuyar da bakin bindigogin suna harbin tanka har aka murƙushe su.

Kuma kada mu yi wa Stalin kwalliya. Ranar 28 ga Yuli 1942 ya sa hannu a umarni mai lamba 227, wanda ya haramta ja da baya ko taku ɗaya ba da izini ba. Aka kafa ƙungiyoyi a bayan sojoji masu tare wanda ya gudu, da bataliyoyin horo da ake turawa inda ya fi haɗari. Yaron da ke cikin ramin nan gaba kura ce baya sayaki.

Bakano:
To Malama, ashe tsoro ne ya riƙe su ba jarumta ba ke nan.

Maman Sadiq:
A'a Bakano, ban faɗi haka ba. Tsoro na iya hana mutum gudu, amma ba ya sa shi ya rarrafa cikin dare ya je ya ƙwato bene. Mutanen nan sun ga abin da aka yi wa garuruwansu da ke hannun Jamus, sun san yadda ake kashe fursunoni da yunwa, sun san an zo ne a mai da su bayi a ƙasarsu. Abu biyun duk sun faru, a zuciya ɗaya ma wani lokaci.

Injiniya Kawu:
Bari in dawo kan tarkon da Abu Hanan ya tambaya, don nan ne gardamar take mutuwa.

Yayin da Paulus ke ta zuba mafi kyawun sojojinsa cikin kango, wa ke tsare masa hagu da dama? Ƙawaye. Arewa maso yamma, a bakin kogin Don, Runduna ta 3 ta Romaniya, gaba da ita Italiyawa, gaba kuma 'yan Hungari. Kudu da gari Runduna ta 4 ta Romaniya, a baje cikin fili fetal. Mutanen nan ba ragwaye ba ne, kayan aiki ne ba su da shi. Bindigoginsu na harbin tanka yawanci ba sa huda tankar Sobiyet T-34. Kwamandan Runduna ta 3, Janar Dumitrescu, ya yi ta kai kuka cewa ana tara sojoji a gabansa, ba a saurare shi ba. Shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Jamus, Halder, wanda ya yi ta jayayya da Hitila kan yadda ake tafiyar da yaƙin, an sallame shi tun Satumba. Rundunar tankokin da aka ajiye a bayan Romaniyawa don ko-ta-kwana, da aka zo tayar da su da yawa suka ƙi tashi, ɓeraye sun shiga cikin ciyawar da aka lulluɓe su da ita sun cinye wayoyin wuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manyan janar-janar na Sobiyet, Zhukov da Vasilevsky, tun Satumba suke shirya abin. Sama da mutum miliyan 1 da tankoki kusan 900 aka tara a ɓoye, tafiya sai da dare, umarni yawanci da baki. Ranar 19 ga Nuwamba Vatutin da Rokossovsky suka fasa ta arewa, washegari Yeremenko ya fasa ta kudu, ranar 23 suka haɗu kusa da Kalach. Kwana biyar. Su kansu masu ƙawanyar sun ɗauka mutum wajen 90,000 suka rufe, ashe abin da ke ciki ya kai 250,000 ko fiye.

Wannan ita ce dabarar da Jamus ta yi ta yi musu a 1941, a Minsk da Kiyef. Cikin shekara ɗaya da rabi sun koya, sun mayar wa malamin da karatunsa.

Ɗan Damagaram:
Tambayata a nan ita ce, me ya hana Paulus fasa ƙawanyar ya fita tun tana ɗanya? Mutum 250,000 ba wasa ba ne.

Abu Hanan:
Hitila ne ya hana. Mako biyu kafin nan, 8 ga Nuwamba, ya tsaya a Munich ya shaida wa duniya cewa garin kamar yana hannunsa ne. Garin kuma na ɗauke da sunan Stalin. Girman kai ba zai bar shi ya janye ba. Sai Goering, shugaban sojan samansa, ya ba shi abin da yake son ji, cewa jiragen sama za su ciyar da rundunar.

Injiniya Kawu:
Kuma lissafin a fili yake ba zai yiwu ba. Rundunar na buƙatar aƙalla tan 500 a kullum, abinci da mai da harsashi. Abin da ya riƙa isa, in an raba, bai fi tan 100 da 'yan kai ba. Abin da ya ruɗe su shi ne a farkon shekarar sun ciyar da wasu sojojinsu da aka yi wa ƙawanya a Demyansk ta sama ya yi aiki, amma can mutanen ba su kai rabin waɗannan ba. A ƙoƙarin nan Jamus ta yi asarar jirage kusan 490, da ƙwararrun matuƙa, har da malaman da aka ɗebo daga makarantun koyon tuƙi. Ranar 24 ga Disamba tankokin Sobiyet suka faɗa har cikin filin jirgin Tatsinskaya, inda jiragen dakon ke tashi.

Tsohon Soja:
Ɗan Damagaram, tambayarka ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi. Cikin janar-janar ɗin Paulus akwai wanda ya matsa a fita ko da saɓa umarni ne, Seydlitz. Ni ma a ganina a makon farko akwai dama. Amma ka sani fita ba tafiya kasuwa ba ce. Man da ke tankokinsa kaɗan ne. Igwoginsa dawaki ke ja, kuma an riga an tura dawaki da yawa baya don hunturu. Yana da dubban masu rauni da sai dai a bar su. Zai fito daga ramuka ya shiga fili, abokan gaba ta kowane gefe. Da wasu sun tsira, amma a matsayin taron mutane, ba runduna ba.

Da kwamandan Jamus Manstein ya taho kai ɗauki ranar 12 ga Disamba, tankokin Janar Hoth da ke ƙarƙashinsa sun kai kusan kilomita 50 daga ƙawanyar, janar ɗin Sobiyet Malinovsky ya tare su a kogin Myshkova. A daidai lokacin aka fasa Italiyawa a bakin Don, dole Manstein ya juya ya ceci kansa. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Suka cinye dawakin, suka koma kan ɗan yankin burodi, ƙwarƙwata da zazzaɓi suka shiga. Nan ne sanyin da Bakano ke faɗa ya yi kisa, a jikin mutanen da yunwa ta riga ta gama da su.

Abu ɗaya zan faɗa don adalci: zamansu a ciki ya riƙe rundunonin Sobiyet bakwai, wannan ya ba waɗanda ke Kokesas damar sulalewa ta Rostov. Ba don haka ba da asarar ta ninka.

Matashi 05:
Ni fa duk wannan ban gane ba. Ba Amurka ce ta ci yaƙin duniya na biyu ba? Saukar Normandi ce ta gama da Hitila ai.

Maman Sadiq:
Ƙanena, saukar Normandi, wato shigar sojojin Amurka da Ingila da ƙawayensu Faransa ta teku, 6 ga Yuni 1944 aka yi ta, wata 16 bayan Stalingrad. Kusan kashi uku cikin huɗu na sojojin Jamus da suka mutu a yaƙin, a fagen gabas suka mutu. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kimanin miliyan 27, soja da farar hula. Ba a raina gudummawar Amurka da Ingila ba: motoci sama da 400,000, abincin gwangwani, man jirgi, ƙarfe, ga ruwan bama-bamai a kan biranen Jamus. Motocin nan su suka ba Sobiyet ƙafar da ta kai su Barlin. Amma mafi yawan kayan daga 1943 suka fara isowa da yawa. A Stalingrad yawanci da nasu suka yi, daga masana'antun da suka tumɓuke suka kai bayan duwatsun Ural.

Ɗan Damagaram:
A Faransa ma sun san da haka, akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris mai suna Stalingrad.

Amma ni har yanzu ina da ja. Paulus ya miƙa wuya 31 ga Janairu 1943, ragowar na arewacin gari 2 ga Fabrairu. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka Manstein ya sake ƙwace Kharkov. A Yuli kuma Jamus ta tara sababbin tankoki, Tiger da Panther, ta kai farmaki a Kursk. Ashe ba ta karye ba ke nan. A Kursk ne aka tare su a lokacin bazara, ba sanyi ba taɓo, suna cikin shirinsu, aka kuma bi su da kora. Daga nan ba su ƙara kai babban farmaki a gabas ba. Ni Kursk na ba wa.

Abu Hanan:
Hujjarka mai ƙarfi ce yayana, kuma ta ma taimake ni a kan masu cewa sanyi. Amma ka gwada girman burin. A 1941 Jamus ta kai hari daga tekun Baltik har Bahar Aswad, tana son ƙasar duka. A 1942 ta kai hari a kudu kaɗai, tana son mai. A 1943 fa? Wani ɗan kumburi a layin daga take son yankewa, ko ta ci ba zai ba ta mai ba, ba zai ba ta Mosko ba. Me ya rage mata buri haka? Abin da ta bari a Volga da Don. Ba Runduna ta 6 kaɗai ta tafi ba. Rundunonin Romaniya biyu, ta Italiya, ta Hungari, duk a hunturun nan aka tarwatsa su, kuma daga nan ƙawayen suka fara neman hanyar zamewa. A Jamus an yi zaman makoki na kwana uku, abin da ba a taɓa yi ba tun fara yaƙin. Ranar 18 ga Fabrairu Goebbels, ministan farfagandar Hitila, ya tara jama'a a Barlin yana kiran a zuba komai da kowa cikin yaƙi. Mai nasara ba ya irin wannan kiran.

Injiniya Kawu:
Kuma maganar mai ta mutu daga ranar. Duk tankar da suka ƙera bayan haka, da ƙishirwa ta yi yaƙi.

Bakano:
Na sauko daga maganar sanyi a Stalingrad, hujja ta fi ƙarfina. Mosko dai ban sauko ba. Wanda ya shirya yaƙin wata huɗu ya wayi gari cikin yaƙin shekara huɗu, tun ranar ya faɗi, ko bai sani ba.

Maman Sadiq:
Akwai wani suna da nake so ku riƙe, Khanpasha Nuradilov. Matashi ne ɗan Checheniya, mai harba mashinga, an kashe shi a Satumba 1942 kusa da Serafimovich a bakin Don, wurin da daga baya aka taso da farmakin ƙawanyar. An ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet bayan rasuwarsa. A Fabrairu 1944, gwamnatin da ya mutu yana karewa ta kwashe al'ummarsa kaf, Chechen da Ingush, a taragun dabbobi zuwa tsakiyar Asiya, bisa zargin haɗa kai da Jamus. Dubbai suka mutu a hanya da can. Duk lokacin da na zo wannan darasin a aji sai na ɗan tsaya kafin in ci gaba.

Tsohon Soja:
Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. 'Yata, kin tuna min da mahaifina. Shi Boma aka kai su, Japanawa suka yaƙa a daji, bai taɓa ganin Bajamushe da ido ba, amma har ya rasu yaƙin Hitila yake kiransa.

Ku bar ni in ƙarasa da waɗanda aka kama, don soja ba ya son a bar lissafin mutane a buɗe. Ana gobe zai miƙa wuya Hitila ya ɗaga Paulus zuwa Fil Mashal, don ba a taɓa kama mai wannan muƙami na Jamus da rai ba. Saƙon a fili yake, ya kashe kansa. Bai yi ba. A ƙarƙashin wani babban kanti a tsakiyar gari aka same shi. Ya rayu, ya ba da shaida a kotun Nuremberg, ya mutu a Dresden a 1957. Yaransa kimanin 91,000 da aka kora cikin ƙanƙara zuwa sansani, da yunwa da zazzaɓi a jikinsu tun kafin a kama su, waɗanda suka koma gida ba su wuce 6,000 ba, na ƙarshensu sai tsakiyar shekarun 1950. A ɗaya hannun, sojojin Sobiyet sama da miliyan 3 ne suka mutu a sansanonin Jamus tsawon yaƙin. A Stalingrad kaɗai, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓata, Sobiyet ta yi asarar sama da miliyan 1.

Matashi 05:
Baba, shi Chuikov ɗin fa, ya ƙare?

Tsohon Soja:
Rundunarsa aka sauya wa suna ta zama Runduna ta 8 ta Dakaru, ya tafi da ita har cikin Barlin. A hedikwatarsa kwamandan tsaron birnin, Janar Weidling, ya zo ya miƙa wuya ranar 2 ga Mayu 1945. Da ya rasu a 1982 ba a binne shi a Mosko tare da sauran manya ba. Ya bar wasiyya a mai da shi tudun Mamayev, wurin yaransa. Garin yanzu Volgograd ake kiransa, tun 1961, kabarin na nan a kan tudun.

Abu Hanan:
Allah ya ƙara lafiya Baba, Malama da Injiniya na gode. Yau da dare zan karanta musu wannan a majalisa daga farko har ƙarshe. Ɗan Damagaram, ka buɗe mana zaren Kursk ɗin, ina da tambaya a kan abin da ya faru a Prokhorovka ranar 12 ga Yuli.